Baƙin Tabaraun Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya Sada ba. Shi ne ɗanta na fari, mu kuwa a gidanmu a Mani kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi aka miƙa wa Goggo Kulu, daga ranar ya zama “ɗan Kulu” a bakin Inna, in ranta a ɓace yake kuma “wancan”. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gaishe ta sai ta juya ta amsa wa randa. Ni da na zo a bayansa ni na zama wayar tarhonsu. Yana iya zama kusa da ita fiye da ni, amma sai ka ji, “Ummi, ki ce mashi ga tuwo nan.” Ni kuma in juya in ce, “Yaya, wai ga tuwo nan.” Shi kuma ya ce, “Ki ce mata na gode.” Matan unguwa da yawa sun daɗe da sassauta wannan al'ada, wasu har goya nasu suke yi a bainar jama'a. Inna ta ce su suka sani.

Yaya ya tafi Alƙahira karatun shari'a, ya gama, ya ƙi dawowa. Bayan hargitsin da aka yi a Masar Turawa suka ɗauke ƙafa, motocin 'yan yawon buɗe ido suka yi ta zama a rana babu mai hawa. Sai ya samu wani direba, Ammu Hussain, mai ƙaramar bas da katon tumbi, suka haɗa kai. Mutanenmu da ke zuwa asibiti, da masu jinyarsu, da ma'aikatan ofishin jakadanci, su yake kwasa ya kai su bakin teku kwana uku: Iskandariyya, Rashid, Alamain, a dawo. Mutumin da ya yi shekaru yana haddar littattafan fiƙihu ya koma riƙe lasifika yana cewa ku dubi dama, ku dubi hagu. Ni dai da na ji na yi dariya har da hawaye, amma shi yana son abinsa.

A 2014 idon Inna ya matsa, na rako ta Alƙahira. Likitan da muka gani a unguwar Dokki bai ɓoye mana komai ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan gani kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Za a yi aiki mako mai zuwa, wataƙila ya riƙe abin da ya rage, wataƙila ya tafi da shi gaba ɗaya. Ya ba da maganin ɗigawa da wani baƙin tabarau mai faɗi, ya ce kada ta shiga rana babu shi. Inna ta juya tabaraun a hannu ta ce ita ba makaɗiyar biki ba ce. Muna komawa gidan Yaya a unguwar Hayyus Sabi' ta cusa shi a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin daddawa.

Da yamma ina wanke shinkafa a kicin Yaya ya shigo ya tura ƙofa.

“Ummi, jibi ina da tafiya. Zan tafi da Inna.”

“Ka tafi da ita ina? Matar da sai an yi da gaske take shiga lif?”

Ya jingina da firji. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, “Na haura talatin, wallahi ban sani ba ko Inna ta san kamannina. In idon nan ya tafi, khalas, ya tafi ke nan ba ta taɓa kallona ba. A wurin aikina dole a kalle ni. Kowa ni yake kallo. Ko sau ɗaya ne, ko bisa kuskure.”

Tausayinsa ya kama ni, sai na ce ya matsa in buɗe firji.

Da na kai wa Inna saƙon ta ce in ce mashi ta ga dam ɗin Zobe, ruwa ba baƙonta ba ne. Amma zaman bene ya ishe ta, ga maƙwabta masu buga kujeru a saman kanta, don haka ta yarda.

Ranar tafiya bas ɗin bai ma cika ba. Waɗanda na fi riƙewa mutum biyu ne. Akwai Madam Comfort, 'yar Kafanchan, tana aiki a ofishin jakadancinmu, Ammu Hussain ya je har unguwar Zamalek ya ɗauko ta. Hausarta ta fi tawa gudu. Sai Alhaji Zubairu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, wanda aka sauya wa gwiwa, ya hau da sanda a hannun dama da farar jarka babu komai a hannun hagu. Ban tambaye shi ba, don na lura mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya ba ka tarihin agogon.

Yaya ya shirya abinsa da dabara, a ganinsa. Ya ajiye wa Inna kujerar gaba, daidai inda yake tsayawa da lasifika yana fuskantar fasinja. Ya sa wata shuɗiyar riga sabuwa, ya gyara gemu. Muna fita gari ya miƙe ya yi sallama ya ce, “Yalla jama'a, bismillah, kowa ya ba ni hankalinsa.” Inna ta juya gaba ɗaya, ba wuya kaɗai ba har kafaɗu, ta fuskanci taga. Haka ta zauna tun daga Alƙahira har Iskandariyya. Babu abin da ke wajen sai rairayi da allunan talla, amma ta kalle su kamar za a yi mata tambaya a kansu. In ya ce a dubi dama, ai shi ne a dama, sai ta ƙara manne wa hagu. Kafin mu isa wuyanta ya sage, ni na yi ta murza mata da man zafi.

Wurin farko da muka sauka wani dogon ginshiƙi ne na jan dutse, tun zamanin Rumawa, tsaye shi kaɗai a kan tudu. Yaya ya tsaya a gabansa ya fara bayani. Inna ta ba shi baya. Da ya ga haka sai ya zagaya bayan jama'a don ya bar mata ginshiƙin fili, ko shi ta gani. To amma jama'a sun saba bin mai magana, sai duk suka juyo suka fuskance shi, suka bar ginshiƙin a bayansu. Inna kuma da ta ji muryarsa ta koma can, ta sake juyawa, ta tsaya tana kallon rumfar mai sayar da tikiti. Ya sake matsawa, ta sake juyawa. Wani mai gadi da ke zaune a inuwa ya ajiye shayinsa yana kallonmu, ina jin ya ɗauka wata ibada ce ta mutanen ƙasarmu.

“Ummi, ki tambaye shi su waye suka kafa abin da yake faɗi.”

“Yaya, wai su waye suka kafa?”

“Ki ce mata Rumawa ne.”

“Inna, wai Rumawa.”

“Ki tambaye shi an shimfiɗa rufi a kai ne ya faɗi, ko haka nan suka bari?”

Haka na wuni. Na je, na dawo, na je, na dawo, kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya.

Da la'asar muka fito kan titin bakin teku. Ni kaina da na ga ruwan sai da na yi salati. Ba shi da ƙarshe, ga iska mai gishiri tana kaɗa mayafi. Alhaji Zubairu ya sauka da jarkarsa yana ɗingishi, ya kira Yaya.

“Malam Sada, daidai ina ne aka halaka Fir'auna? Can nake so in ɗiba. Na yi wa mutanen kasuwa alkawarin tsaraba.”

Yaya ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri Alhaji, ai wancan Bahar Maliya ne, yana can gabas. Wannan Bahar Rum ne.”

“To wannan wa ya ci?”

“Ban san wani sananne ba gaskiya.”

Alhaji ya dubi tekun sama da ƙasa kamar an kawo masa buhun masara mai ƙwari. Ya ce, “Duk girman nan babu ko Fir'auna ɗaya a ciki?” Daga ƙarshe dai ya cika jarkarsa, ya ce 'yan Dawanau ba za su bambance ba.

Inna kuwa tana zaune a kan benci ta ba tekun gefe, domin Yaya yana tsakaninta da ruwan. Hasken da ke tashi daga kan ruwa ya sa idonta zubar da hawaye, tana sharewa da gefen mayafi. Na ce ta sa tabarau, ta ce in kula da abin da ya dame ni. Da aka zo cin kifi a wata rumfa, ita ba ta ci a gabansa, shi ba ya ci a gabanta, sai ya ɗauki farantinsa ya koma cikin bas wurin Ammu Hussain. Na hango shi ta taga yana tsakurar kifin. Rigar nan shuɗiya duk ta yi laushi da gumi.

Washegari aka kai mu wata tsohuwar ganuwa da ke kan tsinin ƙasa cikin teku, su suna ce mata ƙal'a. Benaye ne da matakala masu tsayi da lunguna. Inna ta hau bene ɗaya ta ce ta isa, ta zauna a kan wani dakali a filin sama. Yaya yana can wani bene da sauran jama'a. Ta aike ni in tambaye shi alƙibla. Na hau, na sauko. Ta aike ni in tambaye shi ko ruwan nan ana alwala da shi. Na hau, na sauko. Da ta ce in koma in ce mashi ya sa hula rana ta yi zafi, sai raina ya ɓaci. Ni ma fa matar aure ce, na bar 'ya'ya a gida, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai ciki.

Na ce, “Inna, na ajiye aiki. Ɗanki ne, bakinki lafiya lau. Ni ba zan ƙara hawa ba.”

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wajen Madam Comfort, wadda ke zaune a gefe tana fifita da takarda. “Baiwar Allah, in za ki hau ki ce ma ɗan Kulu ya sa hula.”

Madam Comfort ta matso, ta kama hannun Inna da hannu biyu, ta sassauta murya. “Mama, tun jiya nake lura. Ban so in sa baki ba, amma abin ya dame ni. Ko me yaron nan ya yi miki, ki yafe masa. Duniyar nan nawa take? Bari in kira shi ya durƙusa, a yi sulhu a nan, Allah na gani.”

Dariya ta ƙwace mini har na manta ina fushi. Inna ta zare hannunta, ta ce, “Mi ya yi mani? Yaron da bai taɓa ɓata mani rai ba.” Ni na yi wa Madam bayani. Ta dafe kai ta ce kai, ai ta san wannan, maƙwabtansu Fulani a Kafanchan haka suke yi, ita dai ba ta taɓa tunanin ana hawa jirgi da shi a kawo Masar ba.

Suna cikin haka idon Inna ya sake cika da ruwa, don farin dutsen wurin ya fi teku ƙyalli. Madam Comfort kuwa tana sanye da nata baƙin tabarau, wani ƙato da ya rufe mata rabin fuska. Inna ta ɗan leƙa ta.

“Ke yanzu kina gani cikin wannan duhun?”

“Tas, Mama. Ina ganin kowa, ba mai ganin idona. A wurin taro da shi nake barci, ba wanda ya taɓa kama ni. In oga yana surutu fuskata tana kan takarda, idona yana kansa ina harararsa, shi kuwa yana ta yaba mini natsuwa.”

Can Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Ummi, ina abin nan na likita?”

Na ce yana cikin jaka a bas, ƙarƙashin daddawa. Ta ce in ɗauko. Na tuna mata na ajiye aiki. Ta ce wannan ba aike ba ne, umarnin likita ne. Haka na sauka na ɗauko. Tabaraun yana warin daddawa kamar an jiƙa shi a miya, amma ta goge da mayafi ta ɗora a hanci. Da ganinta sai ka ce wata hamshaƙiyar 'yar siyasa.

Da Yaya ya sauko da jama'a ya tsaya yana nuna inda aka ce tsohuwar hasumiyar fitila ta taɓa tsayawa, Inna ba ta juya baya ba. Ta zauna fuskarta na kallon teku, ɗan nesa kaɗan da kafaɗarsa. Maganar ta sarƙe masa. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya yi sauri ya matsa gefe don kada ya tare mata ruwan, yana murna ko tekun ta samu ta gani.

“Ummi, ki ce mashi ba na jin bayanin, ya matso.”

Na koma bakin aiki ba tare da an ba ni haƙuri ba. Ya matso. Ta ce har yanzu iska na kwashe maganar. Ya ƙara matsowa. Daga wannan lokaci Inna ta zama ɗalibar tarihi. Matar da jiya ta wuni tana kallon rumfar tikiti, yau ba ta bari a wuce ko tubali. A garin Rashid, inda ake da tsofaffin gidaje na jan bulo da baƙi masu tagogin katako, sai da ta tambayi kowane gida wa ya gina, 'ya'yansa nawa, me yake sayarwa. Yaya ya yi ta zuba, abin da ya sani da wanda bai sani ba, har muryarsa ta dushe. Ta nuna wani ɗan gini a gefen hanya ta ce in tambaye shi na wane sarki ne. Ya ce in ce mata bayan gida ne na hukuma, bara aka gina. Ta ce in ce mashi ya dai yi bayani.

Alhaji Zubairu ya fara ƙorafi wai an mai da tafiyar ta mutum ɗaya, shi ya tambayi farashin albasa a garin nan tun ɗazu ba a ba shi amsa ba.

Da rana ta yi sanyi muka shiga kwalekwale mai inji, aka nufi inda kogin Nilu yake shiga teku. Ina zaune a gefen Inna na dama, kafaɗa da kafaɗa, ina riƙe da ita don kwalekwalen yana tangaɗi. Yaya ya tsaya a gaba cikin shuɗiyar rigar nan, ya miƙa hannu ya ce kowa ya duba can, ga ruwan kogi mai duhu ga na teku mai shuɗi, ana ganin inda suka haɗu. Kowa ya miƙa wuya. Madam Comfort tana ɗaukar hoto. Ni kuma na juyo in ce wa Inna ta ga ikon Allah, sai idona ya faɗa ta gefen tabaraun, ta ɗan sararin da ke tsakanin gilashi da kuncinta.

Fuskarta tana wajen ruwa, amma idon ba ya can. Yana kan Yaya. Ɗan ganin da ya rage mata ƙanƙane ne, ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya, don haka a hankali take bi. Na ga ƙwayar idon ta tsaya a goshinsa, ta sauko hanci, ta tsaya a gemu, ta koma wajen kunne ta daɗe a can. Ko ƙiftawa ba ta son yi.

Na so in yi kuka, na so in yi dariya, na kuma ji haushin kaina da na yi mata tsawa a kan ganuwa. Na kau da kai na kalli ruwan da aka ce a kalla. In na nuna na gani, na san za ta cire tabaraun ta mayar ƙarƙashin daddawa, don haka na ja bakina na yi shiru.

Rana ta uku muka je Alamain, maƙabartar sojojin yaƙin duniya, fararen duwatsu a jere reras cikin rairayi, teku na can ƙasa launinsa kamar an zuba shuɗin bula. Inna ta sa aka yi mata bayanin yaƙin tun daga farko. Alhaji Zubairu ya yi barci a bas.

Yaya yana da wata al'ada a hanyar komawa. Yakan zagaya da lasifika kowa ya faɗi abin da ya fi burge shi. Madam Comfort ta ce kifi. Alhaji ya ce shi dai a gaba a riƙa faɗa wa mutane gaskiya tun a gida game da wane teku za a je. Da aka zo kan Inna, Yaya ya miƙo mini lasifikar.

“Ki tambaye ta yaya ta ga teku.”

“Ki ce mashi ruwa ne. Da yawa.”

Aka yi dariya. Ya daure ya ce, “Inda kogi ya haɗu da teku fa?”

Inna ta ce, “A ina ke nan?”

“Gidajen Rashid fa? Ganuwar fa?”

“Ki ce mashi ban lura ba sosai.”

Bas ya kwashe da dariya, har Ammu Hussain da bai ji ko kalma ɗaya ba yana bubbuga sitiyari. Yaya ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya kashe lasifika ya zauna. Tun daga nan har muka shiga cunkoson Alƙahira bai ƙara cewa a dubi dama ko hagu ba. A gida ya same ni a kicin ya ce, “Ba ta gan ni ba, ba ta ga tekun ba. Wahalar da ita kawai na yi.” Maganar tana bakina kamar garwashi, amma ba tawa ba ce, ban faɗa ba.

Ranar aiki muka isa asibiti da safe. An sa wa Inna koriyar riga, an zaunar da ita a keken marasa lafiya a bakin ɗakin tiyata, tabaraunta na nan a hanci. Tun daga ganuwa ba ta cire shi ba sai in za ta yi alwala ko barci. Likita ya zo yana magana da Larabci, Yaya yana fassara mini, ni ina faɗa wa Inna, ita tana ba ni amsa, ina ba Yaya, yana ba likita. Likitan ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki zai yi tambaya, ya fasa. Daga ƙarshe ya ce a cire tabarau.

Inna ta ɗaga hannu alamar a dakata.

“Ummi, ki ce ma ɗan Kulu tabon nan na ƙasan kunnenshi, na ranar da ya faɗo daga katangar Kulu. Ina ɗaki ina jin kukanshi, ban iya fita ba. Ashe ya warke da kyau, ɗan kaɗan ya rage.”

Ba ta jira ni ba, ta ci gaba.

“Ki ce mashi furfura ta fara mashi a gemu, ta gefen hagu, ya rage sa damuwa a rai. In zai faɗi shekarun gini bai tabbata ba yana sosa gira, to ya bari, mutane za su gane. Shuɗiyar rigar nan kuma ba ta karɓe shi ba, ya ba wani.” Ta ƙara da cewa, “Hancin ubana ne. An sha faɗa mani, na ɗauka daɗin baki ne.”

Sannan ta cire tabaraun, ta sunkuyar da kai tana kallon tayil kamar yadda ta saba, ta miƙo mini.

“Ajiye, na gama da shi. Ki ce mashi ya ce ma likita ya yi aikinshi.”

Wannan karon ban isar da saƙo ba. Babu buƙata. Likita ya dubi Yaya yana jiran fassarar wannan doguwar magana. Mutumin da yake iya yin rabin sa'a yana bayanin bayan gidan hukuma ya tsaya baki buɗe, hawaye na bin gemun. Da ƙyar ya ce, “Tamam, ya duktur,” wato babu matsala, likita.

Aka tura keken, ƙofa ta rufe. Muka zauna a kan benci. Ya daɗe yana shafa ƙasan kunnensa, sannan ya juyo da jajayen idanu.

“Ummi, ni ban taɓa ganin kakan nan namu ba. Hancin nasa mai kyau ne?”

Na share fuskata da mayafi, na cusa tabaraun a jaka. Na ce, “Ni na ajiye aiki tun a ganuwa. In ta fito ka tambaye ta da kanka.”